Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zakaran da Allah Ya Nufa da Cara

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin aurena da Maman yara. Ku yi mini afuwa, auren zai jira. Tun ranar Talata maganar mijin Yaya ta dawo mini, kuma na san halina, in ban amayar da ita ba babu abin da zan iya rubutawa. Jikata mai buga mini wannan a waya ta ce, "Kaka, ai ka faɗa a kashi na 6." Na faɗa, amma a tsaitsaye.

Baba ya rasu da daminar 1974, lokacin Binuwai ya cika har ya cinye mashigin da yake ɗaure jirginsa. Duk wanda ya ƙetare kogi a Ibi a shekarun nan ya san shi ko da a fuska ne. Mai fito ne, ɗan mai fito. Kwanon da aka rufe majami'armu da shi a jirginsa aka ƙetaro da shi, bai karɓi ko anini ba. Ba ya fashin sujada sai in ciwo ya kwantar da shi. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a yi masa baftisma ba, saboda matansa biyu, Iya da Inna, kuma duk ya aure su tun kafin ya taɓa jin bishara. Dokar ba ta garinmu kaɗai ba ce, haka mishan suka tsara kusan ko'ina a lokacin: mai mata fiye da ɗaya ya riƙe ta fari, ya sallami saura. Inna ce ta biyu. Ni ɗan Inna ne.

In dattawan ikkilisiya suka zo masa da maganar, sai ya sa a kawo musu ruwa, ya saurare su har su gama, sannan ya ce, "To, wacce ta yi mini laifi a cikinsu?" In suka matsa, ya rufe zancen da abin da ya saba: "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Komai ya faru, ita ce amsarsa. Jirgi ya kife da kayan mutane aka tsira da rai, ita ce. Na ci jarrabawar makarantar horon malamai, ita ce. Ƙyanda ta ɗauke ƙannena ta bar Auta, ita ce dai.

Ranar Jibin Ubangiji kuwa, wato ranar da masu baftisma ke cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, har yanzu ina ganinsa. Da an gama wa'azi, dattijo zai miƙe ya ce marasa baftisma da waɗanda ke ƙarƙashin horo su ba da wuri. Baba zai ɗauki hularsa daga kan gwiwa, ya fita ba tare da jan ƙafa ba, ya zauna gindin mangwaro inda yara ke wasa da takalman mutane. Daga can yake bin waƙar da ake yi a ciki, baiti bayan baiti, ba littafi a hannunsa domin bai iya karatu ba. Muryar mai fito ce, wadda ta saba kiran mutane daga wancan ƙetaren, saboda haka ta fi ta na ciki ƙarfi. Wani lokaci na ciki su suke bin sa.

Kwana uku da binne shi ana zaman makoki a ƙofar gida. Tabarmi sun cika, masu bi da maƙwabtanmu Musulmi, masunta da fatake. Mijin Yaya bai daɗe da dawowa daga karatu ba, alƙalamai jere a aljihun gaba, da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Goggon Donga ta ce, "Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, yanzu ya huta wurin Ubangijinsa." Sai ya gyara murya. Ya ce, "Goggo, mu daina ruɗin kanmu. Kirki ba ya ceton kowa. Wanda Allah ya zaɓa tun kafin a kafa duniya, yakan ba shi ƙarfin barin abin da ke tare masa hanya. Shekara nawa ana kiran Baba bai amsa ba? A rubuce yake, Yakubu aka so, Isuwa aka ƙi."

Inna tana bayan zana tana dama kunun baƙi. Na ji ludayin ya bugi ƙwarya, daga nan shiru. Ita ce abin da ke tare hanyar, kowa a wurin ya gane.

Ban ce uffan ba. Suruki ne, ya girme ni, ga shi da takarda, kuma gidan makoki ba wurin musu ba ne. Wannan ɗin ma ita ce ƙarata a kansa tun daga ranar har yau.

Wanda ya fara sanyaya mini zuciya ba fasto ba ne. Wani malami ne abokin Baba, wanda Baba ke ƙetarar da almajiransa kyauta. Ya kira ni gefe bayan magariba, ya ce, "Yaro, kada ta dame ka, mu ma muna da irinsu." Ya ba ni labarin Jabariyya da suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, da Ƙadariyya da suka ce bawa ne ke yin aikinsa da kansa. Ya ce imani da ƙaddara na cikin shika-shikan imani shida, amma shi dai bai taɓa haɗuwa da wanda ya leƙa Lauhul Mahfuz ba. A lokacin na ɗauka lallashi ne kawai.

Yaran yanzu ba su san ta inda koyarwar nan ta mijin Yaya ta biyo ta iso mana ba. Wata 'yar mishan mai suna Johanna Veenstra ta zo ƙasar nan a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933, kabarinta na Vom. Ikkilisiyar da ta fito daga cikinta a Amurka ta jikokin mutanen Holan ce, saboda haka tare da allo da magani da waƙoƙi, tsohuwar gardamar Holan ma ta hau kogi ta zo mana. Asalinta, Kalbin na Jeneba, wanda ya rasu a 1564, ya koyar cewa ceto daga farkonsa har ƙarshensa aikin Allah ne, kuma shi ya zaɓi waɗanda zai ceta ba don ya hango wani abin kirki a gare su ba. Wani malami a jami'ar Laidin ta Holan, Arminiyus, ya ce a'a, Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma mutum na iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Ya mutu a 1609, almajiransa suka rubuta ƙorafi mai kai biyar a shekarar da ta biyo. Aka kira babbar majalisa a garin Dort daga ƙarshen 1618 zuwa 1619, da wakilai daga Ingila da Suwizalan da garuruwan Jamus. Na Faransa sarkinsu ya hana su zuwa. Aka kayar da mutanen Arminiyus, aka tuɓe fastocinsu wajen 200, kuma tsohon da ya daɗe yana riƙe da ragamar gwamnatin ƙasar, wanda ke ba su kariya, aka fille masa kai yana ɗan shekara 71. Siyasa ta shiga ciki dumu-dumu, kowa ya sani. Amsar da majalisar ta bayar ita ce baƙin littafin mijin Yaya, ko in ce rabinta, domin daga baya na gane inda ya tsaya da karatu.

Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba abin faɗa a cikinsu. Alli da ƙura, da albashin da ba ya zuwa kan kari.

Da na shiga makarantar tauhidi ta Bukuru a farkon shekarun 1980, sai na tarar ashe musun nan abincin dare ne. Makarantar ta haɗin gwiwa ce tun buɗe ta a 1959, shi ya sa ma 'yan'uwanmu Tibi suka kafa tasu a Mkar a 1971, suna son zallar koyarwar gidan Kalbin. A ɗakin kwananmu akwai 'yan Luta daga Numan, da 'yan Ikkilisiyar 'Yan'uwa daga wajen Garkida, da 'yan Metodis daga Muri, da mutanen Filato, ga mu. Sanyin Bukuru ya hana barci, kowa ya lulluɓa da bargo, fitilar ƙwai a tsakiya, sai a buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 9.

Ɗan Muri, wani siririn mutum mai saurin baki, shi ya fi ba ni wahala. Ya ce Yakubu da Isuwa da Bulus ke magana a kai al'ummai ne. Ya kai ni Farawa 25, inda aka gaya wa Rifkatu al'umma biyu ce a cikinta, ya kai ni Malakai sura ta fari, inda maganar so da ƙi ta fito, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar tagwayen, ana zancen ƙasar Edom. Na ce masa to, in zancen al'ummai ne kawai, me ya sa Bulus ya nanata cewa tun ba a haife su ba, tun ba su yi nagarta ko mugunta ba? Me ya sa ya tari numfashin mai karatu da tambayar ko Allah ya yi rashin adalci? Ba wanda zai yi wannan tambaya in da abin da Bulus ya faɗa mai sauƙin haɗiya ne. Ya ce Fir'auna shi ya taurare zuciyarsa. Na ce Fitowa ta faɗi haka, ta kuma ce Allah ne ya taurare ta, duka biyun suna nan. Ya jefo 1 Timoti 2:4, cewa Allah na so dukan mutane su sami ceto. Na ba shi amsar da Agustin, malamin ikkilisiya na zamanin da, da Kalbin suka bayar, wai kowane irin mutane ake nufi, tunda ayoyin da ke sama suna zancen sarakuna da masu mulki. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, in ayar ta yi maka daɗi ka ce a bar ta yadda take, in ta matse ka ka ce a duba na sama da ita." Na ce shi ma haka yake yi da Yahaya 6:44, inda Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Dukanmu cin kifi muke yi wa Littafi, kowa ya tsame tsokar da yake so ya ture ƙaya gefe.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, ni ba don jarrabawa nake wannan musu ba. Duk ayar da aka buɗe, Baba nake nema a ciki.

A can ne na ji labarin Dakta Harry Boer, shugaban makarantar na fari, wanda ya riga ya koma gida kafin zuwanmu. Mutumin gidanmu ne, ikkilisiyar da ta aiko mana mishan ita ta aiko shi. A 1977 ya kai ƙara gaban majalisar ikkilisiyarsu a Amurka, ya ce ayoyin da mutanen Dort suka kafa hujja da su ba su koyar da cewa tun fil azal Allah ya ƙaddara wa wasu hallaka ba, a nuna masa in ba haka ba ne. Majalisar ta amsa a 1980. Ba ta taɓa rubutun Dort ba, amma ta bayyana cewa rubutun bai mai da Allah sanadin rashin bangaskiyar kowa ba. Bai gamsu ba, har ya rubuta littafi a kai. Ban bi shi a duk abin da ya ce ba. Amma da na ji cewa Bature mai digirin dakta ya yi tambayar da ni ɗan mai fito nake jin tsoron yi, sai na sami ƙarfin zuwa ɗakin karatu in ɗauko rubutun Dort ɗin da kaina.

Da ƙamus a gefe na karanta shi, Turancinsa ya tsufa. Zaɓen Allah yana nan daram, ba a sassauta shi ba. Amma a kai na fari, sashe na 14, sun ce a koyar da wannan magana da hankali da tsoron Allah, a lokacin da ya dace da wurin da ya dace, ba tare da bin diddigin asiran Maɗaukaki ba. Lokacin da ya dace da wurin da ya dace! Na ajiye ƙamus na sake karantawa. Sashe na 16 ya ce waɗanda ba su kai ga jin tabbacin bangaskiya a ransu ba, amma suna riƙe da hanyoyin da Allah ya yi alkawarin aiki ta wurinsu, kada su firgita in an ambaci yasassu, wato waɗanda Allah bai zaɓa ba, kada kuma su lissafta kansu a cikinsu. Wane ne ya riƙe hanyoyin nan in ba mutumin da ke gindin mangwaro ba? In an hana shi ya lissafta kansa, wa ya ba suruki izinin lissafta shi? A ƙarshen rubutun ma sun yi tir da masu cewa yadda zaɓe yake tushen bangaskiya haka yasarwa take tushen kafirci. Na kwafe duka a littafin rubutu mai jan bango. Yana nan cikin akwatina.

Sashe na 17 ban san zan bukace shi ba sai a 1989, da muka rasa 'yar da ke bin ɗanmu Babangida tana goye. Maman yara ta kwana uku ba ta magana, da ta buɗe baki tambayarta ɗaya ce, ko yarinyar na cikin zaɓaɓɓu. Na ɗauko jan littafin na fassara mata: iyaye masu bi kada su yi shakkar zaɓe da ceton 'ya'yansu da Allah ya kira suna jarirai. Mutanen da ake cewa zuciyarsu dutse ce su suka rubuta wannan. Ranar na sa musu albarka. Amma na tsallake, wannan sai mun zo kansa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya bar gida. Har gobe ni ɗan gidan Kalbin ne. Na yi aikin bishara a ƙauyukan da sai ka yi shekara ba wanda ya tuba, in da a ce ceton mutane ya rataya a kan iya bakina da na ajiye Littafi na koma fito. Kuma in na ji samarin nan masu lasifika suna cewa ɗaga hannu, maimaita bayana, shi ke nan ka shiga, sai in ga sun mai da Allah mai jiran sa hannun mutum. Ni koyarwar ikon Allah abin da ta yi mini shi ne ta ƙwace hukunci daga hannun mutane, har da hannun dattawa da na surukai. Baba da bai san sunan Kalbin ba ya riga mu sanin haka. Zakaran da Allah ya nufa da cara. A da ina jin ta maganar kauce wa dattawa ce, sai da na yi shekaru a makaranta na dawo na tarar ita ce dai aka rubuta da dogon Turanci.

Ɗan Muri ne ya ba ni labarin magabatansu. Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya yi wa'azi a 1739 yana sukar koyarwar ƙaddarar ceto, abokinsa Witfil, wanda ke ɓangarenmu, ya mai da masa martani a rubuce, suka rabu a kan haka. Da Witfil ya mutu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi, kuma mamacin ne ya nemi haka tun yana da rai. Su da suka yi faɗan da gaske sun san yadda ake tsayawa a kan gawa. Isuwan da aka ƙi ɗin ma, da Ishaku ya mutu tare da Yakubu suka binne shi, ba mu ji ɗayansu ya gyara murya ba.

An yi wa Inna baftisma shekara ɗaya bayan rasuwar Baba, tunda yanzu ba matar kowa ba ce. Da ta fito daga ruwa mata na guɗa, ita ba ta yi ko murmushi ba. Da dare ta ce da Iya, "Yaya, ashe mutuwarsa ake jira." Su biyun a ɗaki ɗaya suka ƙarasa rayuwarsu, ba wanda ya taɓa jin kansu. Kuma har Inna ta bar duniya ba ta ci abinci a gidan mijin Yaya ba. In ta je barka ko gaisuwa, da ƙullin gyaɗarta take zuwa.

Da tsufa ya kama ta sosai, wata rana ina gyara mata gidan sauro ta ce, "Kai ɗan nan, an ce ka yi karatu. Ina ubanka yake?" Na zauna a bakin gado. Na ce, "Inna, rajistar ikkilisiya na gan ta, ba sunansa a ciki. Littafin rai ban gan shi ba, mijin Yaya ma bai gan shi ba. Musa ya ce asirai na Ubangiji Allahnmu ne, abin da aka bayyana shi ne namu. Abin da aka bayyana mini shi ne Yesu ya ce wanda ya zo wurinsa ba zai kore shi ba, kuma ni shaida ne Baba ya yi ta zuwa." Ta yi shiru, can ta ce, "Ana muzuru ana shaho." Ba ta ƙarasa ba, ta ce in miƙo mata goronta.

Mijin Yaya kuwa sai a bikin 'yar Auta na same shi shi kaɗai, mun riga mun yi furfura dukanmu. Na je da jan littafin a aljihun babbar riga, ba zan ɓoye ba, da niyya na je. Na ce, "Malam, akwai abin da nake so ka duba mini." Ya sa tabarau ya karanta sashe na 14, ya karanta na 16, ya rufe ya miƙo mini. Ya ce, "Ƙanena, ni fa ban tuna na faɗi haka ba." Bai tuna ba! Goggon Donga ta tuna har ta mutu, masunta sun tuna, malamin nan abokin Baba ya tuna. Mai harbi ne kaɗai ya manta.

Babban ɗansa ya ƙara aure shekarun baya, duk dangi sun sani. An sa shi a horo, ranar Jibi yana zama a bencin baya. Ban ji uban ya buɗe masa Romawa 9 ba. Abin da nake ji yana cewa shi ne a yi ta yi wa yaron addu'a, Allah bai gama da shi ba. Daidai ne, haka ya kamata a ce, kuma haka mutanen Dort suka ce a yi. Sai dai Baba ma ɗan wani ne.

Yaya ta aiko jikanta shekaranjiya wai in daina tone-tone, mutum ya tsufa, ido ya tafi, a bar shi ya huta. Na ce a gaishe ta, a kuma gaya mata ban ma zo kan gonar Baba ta bakin kogi ba tukuna, wadda shi ɗin dai ya sayar ina Bukuru.